Dorugu: Yaron da ya koya wa Turawan Ingila Hausa

A ranar 6 ga watan Satumba na shekara ta 1855 wani Bajamushe mai yawon binciken ƙasashe, Heinrich Barth, wanda mutanen Borno da na ƙasar Hausa suka sani da sunan Abdulkarim, ya sauka a birnin Landan bayan ya shafe fiye da shekaru biyar a nahiyar Afirka. Yara biyu ne suka rako shi. Ɗaya Margi ne mai suna Abbega, ɗayan kuma Bahaushe, ana kiransa Dorugu, wanda shekarunsa ba su wuce 15 ko 16 ba.

Daga bakin wannan yaro ne aka kwashi mafi yawan Hausar da aka gina nahawu da ƙamus na farko masu nauyi da Turawan Ingila suka yi amfani da su wajen koyon harshen. Shi ne kuma ya bar wa Hausawa ɗaya daga cikin bayanai mafiya daɗewa da wani ɗan ƙasarsu ya yi, da harshensu, a kan yadda mutanen Ingila ke zama da ci da sha. Amma a bangon littattafan sunan wani ne aka buga.

Daga Dambanas zuwa Kukawa

An haifi Dorugu wajen shekara ta 1840 a ƙauyen Dambanas da ke kusa da Kance, a yankin Damagaram na Jamhuriyar Nijar ta yanzu. Ɗan talakawa ne manoma. Zamani ne na hare-hare, inda ake iya wayar gari a kwashe ƙauye guda a kai kasuwa, kuma haka ta faru da shi tun yana ƙarami. Aka raba shi da iyayensa, ya yi ta sauya iyayen gida har ya tsinci kansa a Kukawa, babban birnin Borno a zamanin Shehu Umar ɗan Al-Kanemi.

A daidai lokacin ne wata tawaga da gwamnatin Ingila ta turo take ƙasar. Tawagar ta taso daga Tarabulus a watan Maris na 1850 a ƙarƙashin jagorancin James Richardson, da nufin ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakuna da kuma nazarin hanyoyin fataucin bayi. Richardson ya mutu a watan Maris na 1851 kafin ya kai Kukawa, aiki ya koma hannun Jamusawa biyu da ke tare da shi, wato Barth da Adolf Overweg. Shi Overweg ɗin ne ya 'yanta Dorugu da Abbega, ya ɗauke su aiki. Da zazzaɓi ya kashe shi a bakin tafkin Chadi a watan Satumba na 1852, sai yaran suka koma hannun Barth.

Ta yammacin Katsina

A watan Nuwamba na wannan shekara Barth ya bar Kukawa ya nufi yamma. Suka bi ta Damagaram, suka iso Katsina a watan Fabrairu na 1853, zamanin Sarki Muhammadu Bello ɗan Ummarun Dallaje. Barth ya tarar da birni mai faɗin ganuwa amma mutane ƙalilan, domin ya ƙiyasta mazaunansa da dubu bakwai zuwa takwas kawai, alhali ya ba Kano dubu talatin. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadi sun janye fatauci zuwa Kano, kuma Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri ba su bar yammacin ƙasar ya huta ba.

Saboda wannan haɗari ne Barth bai yarda ya kama hanyar Sakkwato shi kaɗai ba. Ya jira Galadiman Sakkwato, wanda ya zo karɓar haraji, suka tashi tare a ƙarshen watan Maris. Ayarin ya bi ta Kuraye da Kurfi, ya sauka Zakka, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumar Safana, sa'an nan ya kutsa dajin da ya raba Katsina da Zamfara har ya ɓulla Zurmi. Wannan yanki ne na garuruwa irin su Runka da Ruma da Darini, kuma mazaunansa ba sa bukatar a yi musu bayanin abin da ake nufi da tsoron hanya a wannan daji. Dorugu yana cikin masu kora raƙuma da ɗora kaya a tafiyar, yana ɗan shekara 13 ko kusa da haka.

Sun sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a sansaninsa na Gawasu, suka zauna Wurno da Sakkwato, suka wuce Gwandu, suka ƙetare Kwara a Say. Ranar 7 ga Satumba na 1853 suka shiga Timbuktu, inda Shaihu Ahmad al-Bakkay na Kunta ya ba Barth mafaka har tsawon watanni, yayin da wasu ke neman ransa.

Sunan wannan gari yana da wani matsayi na daban a bakin mutanen Ingila. Har yau idan Bature na son ya ce wuri ya yi nisan da ba a kaiwa, Timbuktu yake ambata, kamar yadda Bahaushe ke cewa Birnin Sin ko bangon duniya. A 1826 wani hafsan sojan Birtaniya, Gordon Laing, ya kai garin amma aka kashe shi jim kaɗan bayan fitowarsa. A 1829 jami'ar Cambridge ta sa gasar waƙa a kan Timbuktu, wani ɗalibi mai suna Alfred Tennyson, wanda daga baya ya zama mawaƙin fadar Ingila, ya ci gasar ba tare da ya taɓa taka Afirka ba. Yaron Dambanas kuwa ya kwana ya tashi a garin, ya sha ruwansa, ya ci kasuwarsa.

Daga nan suka juyo ta Sakkwato da Kano zuwa Kukawa. A watan Mayu na 1855 suka shiga Sahara ta Bilma da Murzuk, suka kai Tarabulus a ƙarshen Agusta. Ƙetare hamada ya ci musu fiye da wata uku. Daga Tarabulus zuwa Landan kuwa, ta Malta da Faransa, a jirgin ruwa mai tururi da jirgin ƙasa, ko mako biyu ba su cika ba.

Ingilar da ya gani

Landan ta lokacin tana da mutane fiye da miliyan biyu, babu birnin da ya kai ta a duniya. Sarauniya Victoria ce ke kan gado. Ƙasar na cikin yaƙin Kirimiya, inda Ingila da Faransa suka mara wa Sarkin Istanbul baya a kan Rasha, kuma kwanaki kaɗan bayan saukar su Dorugu ne birnin Sebastopol ya faɗi. An haramta fataucin bayi a dokar Ingila tun 1807, an soke bautar kanta a mafi yawan ƙasashen da take mulka da dokar 1833, saboda haka yaro baƙi da aka 'yanto daga tsakiyar Afirka abin kallo ne kuma abin alfahari ga masu wannan fafutuka.

Barth ya tafi da yaran Jamus, suka ga Hamburg da Berlin, suka sha sanyin hunturu, suka ga ƙanƙara na zuba daga sama kamar auduga. Alkawarin da ya ɗauka shi ne zai mayar da su gida. Ana cikin shirin haka a 1856 sai wani malamin mishan mai suna James Frederick Schön ya shiga tsakani, ya nemi a bar masa su. Barth ya fusata ƙwarai, kuma tsamin da ya shiga tsakanin mutanen biyu bai gushe ba, har ya riƙa fitowa a rubuce-rubucensu a kan harshen Hausa.

Schön na da dalilinsa. Ya yi aiki a Saliyo, ya bi tawagar da ta hau kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, kuma a 1843 ya buga ɗan littafin kalmomin Hausa da ya tsinta daga bakin 'yantattun bayi. Rashin lafiya ya mayar da shi Ingila, inda ya zama limamin Kirista a asibitin sojojin ruwa da ke Chatham. Bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, kuma ya yi shekaru babu wanda zai yi Hausa da shi. Kwatsam sai ga Bahaushe har gida.

Abbega bai daɗe ba, ya koma Afirka a 1857. Dorugu ya zauna gidan Schön kimanin shekaru takwas. Chatham gari ne na ƙera jiragen yaƙi a bakin kogin Medway, kudu maso gabas da Landan. A nan aka ƙera jirgin Victory da Nelson ya yi yaƙin Trafalgar a cikinsa, a nan kuma marubucin nan Charles Dickens ya yi ƙuruciyarsa. Yana wannan zama ne babban agogon majalisar dokoki da ake kira Big Ben ya fara bugawa a 1859, aka kuma buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko a duniya a Landan a watan Janairu na 1863.

A cikin labarin rayuwarsa da ya faɗa Schön na rubutawa, abin da ya fi jan hankalin mai karatu shi ne yadda ya kalli Turawa da irin idon da su suka saba kallon wasu. Ya tsaya a kan liyafar cin abinci ta manyan gida, ya bi ta daki-daki kamar mai bayanin bikin wata ƙabila da ba a sani ba. Al'adar lokacin ita ce a kaɗa ƙararrawa idan abinci ya sauka, kowane namiji ya riƙo hannun mace guda, ba lalle matarsa ba, ya kai ta mazauninta. Kowa da farantinsa da wuƙarsa da cokali mai yatsu, ana ɗauke wani kwano ana kawo wani. In an gama, mata su tashi su koma wani ɗaki, maza su zauna su ci gaba da hira. Ga yaron da ya tashi inda maza ke cin tuwo a akushi guda a zaure, mata kuma a cikin gida, kowane mataki na wannan tsari abin lura ne. Bai yi ba'a ba, bai kuma nuna ya ruɗe ba. Ya faɗi abin da ya gani ne yadda fatake ke ba da labarin Gwanja in sun dawo.

Aikin kalmomi

Littattafan da suka fito daga ɗakin karatun Schön bayan zuwan Dorugu suna da yawa. An buga littafin koyon karatu a 1857, da fassarar wasu sassa na Baibul a shekarun da suka biyo, da nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, sa'an nan a 1885 aka buga Magana Hausa, wanda ya ƙunshi karin magana da tatsuniyoyi da labarin tafiye-tafiyen Dorugu. Faransawa sun ba Schön lambar yabo ta Volney a 1877, jami'ar Oxford kuma ta ba shi digirin girmamawa a 1884. A yi masa adalci, bai ɓoye sunan yaron ba, ya ambace shi a matsayin wanda ya faɗi labaran. Sai dai lambar yabo da digiri ba a raba su biyu ba.

Ba a nan aka fara rubuta Hausa ba. A shekarun da Dorugu ke zaune a Chatham, Nana Asma'u 'yar Shehu tana raye tana tsara waƙoƙi da ajami, kuma malaman ƙasar Hausa sun daɗe suna yin haka. Amma ajamin wancan zamani ya fi karkata ga waƙen wa'azi da na ilmi. Zube mai tsawo da Hausar yau da kullum, irin wadda ake yi a gona da kasuwa da bayan raƙumi, da wuya a sami wanda ya riga na Dorugu shiga takarda. Shi ya sa masana harshe ke komawa gare shi idan suna son jin yadda talakan Damagaram ke magana shekaru 170 da suka wuce.

Rubutun na da nakasu. Kunnen Schön bai rarrabe baƙaƙen da a yau ake yi wa ƙugiya ba, saboda haka a shafukansa babu bambanci tsakanin kafa da ƙafa, ko tsakanin dauka da ɗauka, ko bari da ɓari. Sai a shekarun 1930 aka tsayar da ɓ da ɗ da ƙ a rubutun boko. Haka nan Hausar ta yaro ce da ya bar gida da wuri, ya yi shekaru cikin Barebari da Larabawa. Barth na cikin waɗanda suka soki aikin ta wannan fuska, ko da yake da wuya a raba sukar da fushin da yake ciki.

Wani abin lura kuma shi ne Hausar Dorugu ta riga ambaliyar kalmomin Ingilishi. Baƙin kalmomin da ke bakin mutanen zamaninsa na Larabci ne da Barbarci da Buzanci. Kalmomi irin su tebur da bokiti da mota da asibiti da likita da soja da fensir, waɗanda yau ba mai jin su a matsayin baƙi, sun shigo ne daga baya ta hannun 'yan kamfani da barikin soja da ma'aikatan jirgin ƙasa, wasunsu ma sai da suka bi ta bakin Yarabawa kafin su iso. Daga bariki aka sami kofur da saje da samanja, daga ofis aka sami razdan da joji da gwamna.

Kuɗi ma haka. Dorugu ya tashi a ƙasar da ake ciniki da wuri, inda a Kano ake canza riyal guda na azurfa a kan wuri kimanin 2,500. A Ingila ya tarar da wani lissafi mai wuyar sha'ani: kwabo 12 ne sule guda, sule 20 kuma fam guda. Shekaru hamsin bayan haka wannan lissafi ya biyo shi har gida, ya bar wa Hausa sule da fam da sisi, wato rabin sule. Shi kansa kwabo sunan jan ƙarfen da ake buga shi da shi ne a Ingilishi, Hausawa suka lanƙwasa. Birtaniya ta yi watsi da wannan tsari a 1971, Nijeriya ta koma naira a 1973, amma kalmomin sun zauna. Har gobe wanda aljihunsa ya bushe cewa yake ba shi da ko sisin kwabo.

Suna da addini

A gidan Schön aka yi wa yaran biyu baftisma. Dorugu ya zama James Henry Dorugu. Burin ƙungiyar mishan a fili yake: tana ganin Hausa ce mabuɗin shiga tsakiyar Sudan, kuma don wannan ne aka ɗauki nauyin nahawu da ƙamus. Wanda zai yi wa Dorugu hukunci a kan wannan sai ya tuna cewa yaro ne marar uwa marar uba a ƙasar da ba shi da kowa, kuma waɗanda suka sayar da shi tun farko ba Turawa ba ne. Burin mishan ɗin dai bai cika ba. Littattafan sun fi amfanar hafsoshi da jami'an mulkin mallaka, waɗanda aka wajabta wa cin jarrabawar Hausa bayan an ci ƙasar da yaƙi a 1903.

Akwai wani abin mamaki a jerin Turawan da suka riƙe shi. Dukkansu aikin Ingila suke yi, amma babu haifaffen Ingila a cikinsu. Overweg da Barth 'yan Hamburg ne, Schön daga yankin Baden na kudancin Jamus ya fito, na ƙarshensu kuma, Hanns Vischer, an haife shi ne a Basel ta ƙasar Suwizalan. Ingila ta wancan ƙarni ta dogara ƙwarai da Jamusawa wajen nazarin harsuna da aikin mishan, kuma ko mijin Sarauniya Victoria, Yarima Albert, Bajamushe ne.

Komawa gida

Dorugu ya dawo Afirka a 1864. Ya yi shekaru masu yawa yana aikin tafinta tsakanin Turawa da mutanen ƙasa, sana'ar da ke ba mutum abinci amma ba ta cika ba shi amana daga kowane ɓangare ba. Abokin tafiyarsa Abbega ya fi shi samun duniya, domin ya kai ga sarautar Lakwaja, kuma jikansa Maimaina ya zama Sarkin Askira a ƙasar Borno.

Da Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati ta farko a Nasarawa ta Kano a 1909, Dorugu na cikin waɗanda suka koyar a cikinta. Tsoho ne a lokacin, ya kusa shekara 70, yana koya wa malamai da 'ya'yan sarakuna baƙaƙen da aka fara gwada su a kan harshensa tun yana yaro. A Nasarawa ya rasu a 1912, shekarar da Vischer ya buga ƙa'idojinsa na rubutun Hausa da boko. Matar Vischer, Isabelle, ta ambaci rasuwarsa a littafin tunawa da zamanta a Arewa. Cikin kayan da ya bari an tarar da tarin tabarau da tufafin Turawa da kuɗin da ya yi shekaru yana adanawa.

Labarin nasa ya kwanta a ɗakunan ajiyar littattafai har 1971, lokacin da Anthony Kirk-Greene, tsohon jami'in mulki a Arewa wanda ya koma koyarwa a Oxford, da Paul Newman, masanin harshe Ba'amurke, suka fitar da shi da Ingilishi a madaba'ar jami'ar Yale. Sun haɗa shi a littafi guda da tarihin Maimaina, jikan Abbega. Shi wannan Newman ɗin ne a 2013 ya yi nazarin asalin kalmar boko, wadda mutane da yawa, har da masana, suka daɗe suna ɗauka cewa kalmar Ingilishi ce ta littafi aka juya. Ya nuna cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin da ba na gaske ba, kamar yadda ake cewa amaryar boko ga wadda ake sa wa lulluɓi a madadin amarya, kuma da wannan ma'ana ne mutane suka fara kiran karatun da aka kawo Nasarawa.